Koriyar Wayar da Na Raina

Ba zan taɓa mantawa da bikin Yaya Hajara ba, kuma bari in faɗa tun yanzu: ba ni da aljanu. Duk matan Kazaure sun yi kuskure. Wutar lantarki ce ta ja ni.

Ba a daɗe da kawo wuta unguwarmu ba. Wan ango ya dawo daga karatu a Amurka da rikoda, aka aiko mana ita don mata su sha kiɗa ranar wuni. Ta zo da taransifoma, ɗan akwatin ƙarfe mai nauyin dutsen niƙa, saboda wutarmu ta fi ƙarfin kayan can. Filoginsa ya ƙi shiga soket ɗinmu. Inna ta ce a kira Oga Bitrus mai gyaran wuta. Na ce a kira shi ya yi me, ga ni da takardar sakandare? (Har da ɗaga hanci, Allah ya gani.)

Na sa reza na datse filogin. Wayoyi uku: baƙa, fara, koriya. A makaranta an koya mana ja ce mai wuta, baƙa ba ta da illa. Ba wanda ya ce mana a Amurka baƙar ce mugunyar. Na cusa biyu cikin soket, na danne da tsinken ashana, koriyar kuwa na bar ta tana lilo don ban ga amfaninta ba.

Rikoda ta ɗauka, aka rangaɗa guɗa. Hajiya Babba, mahaifiyar Sani, wanda aka sa mana ranar aure da shi, ta zo takanas daga Roni, tana kan tabarma tana kallona. Sai na so in ƙara burge ta. Na duƙa in gyara zaman akwatin, ba takalmi, tsakar gida jiƙe da ruwan wanke-wanke.

Ɗankwalina ya yi gabas, ni na yi yamma, na zube cikin ƙwaryar fura ina karkarwa.

Gwaggo Ladi ta ce, "Sun hau ta. A kawo garwashi da turare."

Mata huɗu suka danne ni, ana tofi ana hayaƙi. Ina cewa wuta ce, suna cewa ai haka aljanu suke sa mutum gardama.

Da Oga Bitrus ya zo, ya ce akwatin ƙarfe irin wannan dole sai da wayar ƙasa. Na roba mai alamar murabba'i cikin murabba'i shi ne ba ruwansa da ita. Ya kaɗa koriyar a gabana: "'Yar makaranta, da kin haɗa wannan, da ita ta shanye abin da kika sha."

Shi kaɗai ya yarda da ni. Hajiya Babba ta aiko a dakata da maganar aure sai an nema mini magani. Wannan ne ke ci mini rai har yau: sun gwammace in zama mai aljanu da in zama sakarya, alhali sakarcin na yi.

Takarda dai ba ta hana wuta ja, na koya. Rubutu kuma ba zan sha ba. Na roƙi Sani ya kawo Hajiya ranar Juma'a, Oga Bitrus ya yi mata bayani da akwatin a gabanta. Sauran masu cewa aljanu ne kuwa, ga shi nan: a cire takalmi a taɓa.