Yadda Za Ka Gwada Manyan Magungunan Amosanin Gaɓɓai Ba Ka Ce Wayyo Ba

Ni tela ne, shekara hamsin ina riƙe da almakashi. Ban taɓa zama a aji ba, amma amosanin gaɓɓai ya yi shekara tara yana kokawa da ni, bai kai ni ƙasa ba. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci za ka san magungunan nan fiye da wanda ya haɗa su.

1. Riƙe girmanka

Likita za ta matsa yatsunka ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Baba, daga ɗaya zuwa goma, nawa ne zafin?" Ka ce ɗaya. Haka na yi, hawaye na zuba, na ce iskar fanka ce. Ta yi murna, ta bar ni a kan ƙaramin magani shekara guda cur. Almakashi ya gagare ni, amma girmana na nan.

2. Bar matarka a gida

Ni na tafi da tawa.

"Likita, kada ki biye masa. Ni nake sa masa maɓallin riga."

"Ke, wa ya tambaye ki?"

"To, sa wannan mu gani, Malam."

Na kalli bango. Ran nan aka ɗebi jinina, aka fara maganar manyan magunguna.

3. Allurar gida

A firiji take zama, kai za ka yi wa kanka a cinya. Ka ce allura ai sana'arka ce. Na rufe ido, na soka da ƙarfin zuciya, ban ji komai ba. Katifar kujera ce ta sha maganin. Har yau ba ta yi ƙorafin gwiwa ba.

4. Ƙarin ruwa

Awa uku a zaune, ku shida a ɗaki, kowa da roba a hannu, ba mai halin gudu. Nan na ba su tarihina kaf, har sau huɗu. Likita ta ce bai karɓe ni ba. Ni dai ban ga aibinsa ba.

5. Ƙwaya

'Yar mitsitsiya ce, don haka ka raina ta. Na yi wata uku ina sha ina raina ta, sai wata safiya na tsinci kaina ina yanka yadi ninki huɗu. Na rufe shago don kada a ga fuskata. Ƙura ce ta shiga min ido.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka, ba hannuna. Jikinka daban, nawa daban. Je ka faɗa wa likitarka gaskiya. Kada ma ka neme ni. Masu kawo min ɗinki sun ji na warke, ga su nan a bakin ƙofa, kuma uzurin da na shekara tara ina ba su ya ƙare.