Rasuwar Rufin Ɗakin Inna Delu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai mai sarawa saboda zafi, ni Musbahu, a madadin iyalan marigayi Malam Sale na bayan kasuwar hatsi a Gidan Rumji, nake sanar da ƴan uwa da abokan arziki rasuwar rufin ɗakin mahaifiyarmu, Inna Delu. Ya rasu a farkon bazarar nan a hannun magina, bayan doguwar jinyar da ba shi ya jawo wa kansa ba.

Marigayin rufin ƙasa ne, a kan azarar giginya da kakanmu ya jera da hannunsa. A ƙarƙashinsa aka kawo Inna tana amarya, nan ta haife mu duka, nan aka yi wa Baba wankan ƙarshe. Mai sanyin hali ne. Ko tsakiyar bazara ka shiga ɗakin, sai ka ji kamar ka leƙa cikin randa, da sanyi kuwa ya riƙe ɗumi har hantsi. Ba shi da surutu. In ruwa ya sauka a kansa, dim-dim kawai za ka ji, sai indararo yana sharara a bayan ɗaki. Bai taɓa neman komai a wurinmu ba sai yaɓen ƙasa kafin ruwan fari, a kuma share masa bakin indararo. Ni nake hawa in yi masa kowace shekara, kuma ban taɓa jin nauyin haka ba.

Ciwon ajalinsa ya faro ne shekarar da yayanmu Faruku ya zo ganin gida daga Kotonu, inda yake sana'ar motoci. Ya same ni a sama, laka har gwiwa, sai kunya ta kama shi gaban abokansa. Ya ce gidansu ya wuce yaɓe, za a shafe rufin da siminti a huta. Inna ta ce masa, "Ku bar mani abina, Faruku. Rufin ƙasa, da ƙasa aka gyara shi." Ya yi dariya ya ce tsohuwa ke nan. Ni ƙane ne, ba ni kuma na sayo simintin ba, saboda haka maganata ba ta kai ko bakin zaure ba.

Rana ta tsattsaga simintin. Ruwa ya bi tsaga ya shiga, ya rasa hanyar fita, ƙasar ta yi ta sha damina bayan damina, ba halin yaɓe tunda an toshe ta. Marigayin ya yi nauyi, ya lotsa a tsakiya, ya fara ɗiga a kan gadon Inna. Duk da haka bai taɓa faɗo wa kowa ba.

Daga Kotonu Faruku ya yanke hukunci ta waya: a sauke shi a buga kwano. Wani magini mai suna Sanda ya zo ya auna, ya faɗi kuɗin aiki, har da filafon, rufin cikin da ke tare zafin kwano. In faɗi gaskiya, bai tsawwala ba. Amma yayana ya yi cinikin rufin uwarsa kamar yana cinikin tsohuwar taya. Ya yi ta ja har Sanda ya gaji ya ce, "Alhaji, kuɗɗin ga ba su kai ga filafon. Ko kwanon ma, sai in an bar mani azara." Faruku ya ce ya kwashe, wa zai yi da itacen kaka? Har yau yana ba abokansa labarin yadda ya samu aiki da araha.

Ranar da aka sauke marigayin, azarar ta fito lafiya lau, ko gara ba ta taɓa ta ba. Na tsaya ina kallo ana loda ta a amalanke.

Marigayin ya bar bango huɗu, da indararo wanda yanzu kaji ke shan ruwa a ciki, da azarar da Sanda ya rufa ɗakin matarsa Asiya da ita, ya kuma yaɓe da ƙasa. Ya bar magaji, wato kwanon, mai ƙyalli da baki. Yayyafi ya isa ya hana mutum jin kiran salla, da rana kuwa ƙas-ƙas yake yi yana gasa duk abin da ke ƙasansa. Man kaɗen Inna ya narke a cikin kwalba. Ita kanta ta rame, ba ta barcin rana, ba ta kuma yarda a gaya wa Faruku, wai kada ransa ya ɓaci bayan ya kashe kuɗinsa.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Gawar tana jibge a ƙofar gida, za a kwashe ta a cike ramin da ke bakin hanyar kasuwa. Zaman makoki a gindin dalbejiyar ƙofar gida ne, domin ba mai iya zama a ɗakin. Faruku ya aiko da uzuri. Mai son yi wa Inna ta'aziyya kuwa, kada ya neme ta a gida tsakanin hantsi da la'asar. Ya wuce gidan Sanda, ya yi sallama a ɗakin Asiya. Can take zuwa kullum da ƴar tabarmarta, ta nemi izini, ta zauna daga bakin ƙofa a matsayin baƙuwa, a ƙarƙashin azarar da aka kawo ta amarya.