Ranar da na yi wa Baffa wa'azi a waya

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai Zulai ɗakin miji ba. Zulai ƙanwar maigidana ce, a Utai aka yi bikin, kuma a ranar na tsula tsiyar da har yau in na tuna sai na rufe fuska ko ni kaɗai ce a ɗaki.

Kafin nan na yi wata takwas da goge manhajar nan ta gajerun bidiyo daga wayata. Dalili kuwa, wani ya ɗauki bidiyon wata tsohuwa mai tallan nono a kasuwar Juma'a ta Wudil, santsi ya kwashe ta, ƙwarya ta kife. Aka sa wa hoton kiɗa, gari ya ɗauka. (Ni ma na yi dariya, har sau uku na kalla, Allah ya yafe mini.) Daga baya na ji tsohuwar ta daina zuwa kasuwa saboda yara na binta suna kwaikwayon faɗuwar. Na rantse ni da wannan manhaja har abada.

Da a nan na tsaya da na tsira da mutuncina. Sai na zama mai wa'azi. A makarantar firamaren da nake koyarwa, da na shigo ofis sai malamai su kife wayoyinsu. Gidan suna, gidan biki, ban bar kowa ya sha ruwa ba.

To, ranar bikin bayan la'asar, an zaunar da Zulai a tsakar gida, iyaye mata na yi mata nasiha, tana ta sheshsheƙar kuka cikin mayafi. Ina fitowa daga madafi sai na hango Hauwa, 'yar Baffa, ta kanga waya dab da fuskar amarya. (Baffa shi ne yayan mahaifin maigidana, shi ya riƙe Zulai tun tana ƙarama. A lokacin yana kwance a asibiti a Kano, an yi masa aiki.) Hauwa kuwa kowa ya san ko tuwo ta tuƙa sai ta nuna wa duniya.

Na ɗauka kai tsaye take haska wa duniya kukan amarya a manhajar nan, raina ya ɓaci. Na ajiye tiren da ke hannuna, na ratsa mata, na fizge wayar.

"Anti, tsaya ki ji..." in ji Hauwa.

"Ba abin da zan ji!"

Na juyo da wayar saitin fuskata. Rana ta haske gilashin, ban ga komai ba, ban kuma damu in gani ba. Na ɗaga murya yadda har na zaure za su ji:

"Ku kuma masu kallo, ku ji tsoron Allah! Marasa aikin yi kawai! Kun miƙe ƙafa a kan gado kuna kallon hawayen 'yar mutane. Wani ma da furfurarsa, ko kunya babu!"

Tsakar gida ta yi tsit. Zulai ma ta daina kuka. Ni kuwa na ɗauka maganata ce ta ratsa su.

Sai wayar ta yi gyaran murya.

"Hauwa, wace ce wannan? Kamar muryar matar Sani."

Innalillahi! Na kare gilashin da tafin hannuna. Ga Baffa nan kwance, farin gemunsa a kan bargon asibiti, robar ƙarin ruwa a hannunsa. Ashe kiran bidiyo ne. Shi ya roƙa a nuna masa 'yarsa kafin a fita da ita. Mutumin da shekara tara da aurena ban taɓa haɗa ido da shi ba, in zan gaishe shi daga bakin ƙofa nake durƙusawa.

"Gaskiya kika faɗa, 'yar nan," ya ce a hankali. "A gado nake, ba ni da aikin yi, ga kuma furfura. Amma in kin gama, a taimaka a ba ni Zulai in sa mata albarka."

Ban san lokacin da na zube a ƙasa ba. Gwiwa biyu, kai a sunkuye, na ɗaga wayar sama da hannu biyu ina cewa, "Baffa ina wuni, ya jiki, Baffa a yafe mini." Har sai da surukata ta zo ta zare wayar daga hannuna, tana danne dariya da bakin mayafi.

Na shige ɗakin da aka tara tukwane, ban fito ba sai da motar amarya ta tashi. Kwana uku bayan haka maigidana ya tisa ni gaba zuwa asibiti. Muna shiga Baffa ya dubi na gadon kusa da shi ya ce, "Malam, gyara kwanciya, ga mai wa'azin tamu ta zo."

Har gobe ban koma manhajar ba, kuma ban yi nadamar barinta ba. Sai dai yanzu kafin in ja wa mutum aya, nakan fara leƙawa in ga wa ke zaune a sahun gaba.