Yadda Za Ka Yi Bikon Matarka Ba Tare Da Ka Ce Mata Sannu Ba

Matarka ta yi yaji, dattawa sun sa ranar sulhu? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka dawo da ita gida, girmanka bai ragu da ko ƙwayar gero ba. Ba daga littattafan jami'a na kwaso su ba. A zauren kawuna na Mairuwa na gan su, ta bayan asabari, ranar da Maharazu malamin gona ya zo daga Ƙanƙara bikon 'yar'uwata Barakatu, wata biyu bayan ta yi ɓarin cikin fari.

Mataki na 1: Iso da ƙara

Hawo sabon babur ɗin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka saya maka. Kada ka kashe shi sai unguwa ta leƙo. Ɗaure atamfa turmi uku da rediyo mai kaset a baya. Duk wanda ya ga kayan nan ya riga ya san mai gaskiya.

Mataki na 2: Nemi abin kallo

Za a shigo da ita ta zauna a bakin tabarma. Akwai rufin zaure, akwai agogonka, akwai takalman liman, duk sun isa kallo. Fuskarta kuwa haɗari ce. Kana iya ganin ta rame, daga nan sai tausayi, shi kuma ba a san inda yake tsayawa ba.

Mataki na 3: Kada ka yi mata magana kai tsaye

Ai don haka aka kira liman. Duk abin da za ka faɗa, bi da shi ta kansa. Tsakanin Maharazu da Barakatu bai fi taku biyu ba, amma sai ya ce: "Allah gafarta Malam, a tambaye ta, mi ta rasa gidana? Shinkafar ƙasar waje ce babu, ko madarar gwangwani?"

Mataki na 4: In ta buɗe baki, shirya amsarka

Sauraro aikin wanda ba shi da abin faɗa ne. Barakatu ta ce, da kyar ake jin ta: "Baba Liman, ban rasa komi ba. Ran da cikin nan ya zube, har mai tallar nono ta ce mani sannu. Shi bai ce ba. Har yau."

Liman ya juya. "To, Maharazu, ga ta nan. Kalma guda ce."

A nan raggaye ke faɗuwa. Kai daure.

Mataki na 5: Fake da kunya

Sunkuyar da kai, ka ce abin da Maharazu ya ce: "Haba Malam, cikin fari ne fa! Gaban surukaina zan yi maganarshi? Ai shi ya sa na sawo atamfa. Amma tun da abin ya kai haka, a ce mata sannu."

Liman ya dube shi. "Ni ai na ce mata sannu tun tuni, Maharazu."

Kada ka amsa. Sauran dattawa za su gyaɗa kai su ce yaron nan akwai tarbiyya. Kawunta zai ce ta yi haƙuri. A shafa fatiha, ka yi nasara.

Mataki na 6: Mori nasararka

Barakatu ta koma Ƙanƙara washegari. Tuwo a kan lokaci, tsakar gida fes. Ta kuma nuna ita ɗaliba ce mai kaifin kai. Yana tsaye gabanta za ta juya wajen mahaifiyarsa: "Dada, a gaya mashi ruwan wanka na bayi."

Da damina babur ya kayar da shi a hanyar Sabuwa, ƙafa ta karye. Aka shigo da shi yana nishi, yana neman idonta. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta gyara matashi da kyau, sannan ta ce: "Dada, a ce mashi sannu."

Hattara

Alkawarin da na yi shi ne matarka za ta dawo, kuma na cika. Abin da ya biyo baya ba da yawuna ba, kada a zo gidanmu nemana. In Dada ta tafi aikin Hajji bana, gidan ya yi tsit, ka rasa mai kai saƙo tsakanin ɗaki da madafa, to ka kunna rediyon. Mai kaset ne, ba ya gajiya da magana, kuma ba ya jiran ka ce masa komai.