Ranar da na kashe gilashi na tafi la'asar

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, a shekarar da albasata ta kusa ƙonewa. Lokacin ni ke rubuta jerin ban ruwa na lajna, wato kwamitin manoman ƙauyenmu, kusa da Mai Wurno. Ba don ilimi aka ba ni aikin ba (aji huɗu na yi), sai don furfura da zaton amana.

Al'adarmu ita ce, bayan sallar Juma'a kowa ya jefa ƙwallon dabino mai alamarsa cikin hula, a riƙa zarowa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fito da wuri gonarsa ke fara sha daga injin ban ruwa. Nawa aikin kawai in shigar da sunaye a kwamfutar ofis, in buga, in manna a ƙofa.

'Yar ƙanena, Ustaza Amna, ita ta koya mini na'urar. Ta sha gaya mini cewa in zan tashi in danna maɓallai biyu ta kulle, sai da kalmar sirri za ta buɗe. Ni kuwa na ga wahala ce. Na gano wani ɗan maɓalli a ƙasan gilashin kwamfutar, da na taɓa shi sai komai ya yi baƙi. Ga sauƙi, ga tattalin batirin hasken rana. A tunanina kamar rediyo ne, in ya yi shiru ya mutu. Har nakan yi wa mutane fahariya da wannan dabara.

A wannan makon ƙuri'a ta jefa ni na goma sha bakwai. Isiyaka, abokina tun muna kiwon awaki a bakin kogi, ya fito na uku. Na je hawashata, wato gonata, da safe na tarar ganyen albasa ya kwanta. Da na zauna gaban na'urar sai na ce bari in musanya sunana da nasa, in ga yadda zai yi kyau kawai. (Haka na gaya wa kaina. Allah ya san takarda na riga na saka a injin bugawa.) Na lissafa cewa Isiyaka bai cika riƙe lamba ba.

Ana cikin haka aka kira la'asar. Na taɓa ɗan maɓallina, gilashi ya yi baƙi, na tafi masallaci hankali kwance. Na ma tsaya doguwar addu'a.

Da na dawo na iske dattawa huɗu a ofis ana zuba jabana, wato gahawa, gilashi kuwa tar kamar rana. Ashe Isiyaka ya zo duba ranarsa, ya danna maɓallin nan da ni da kaina na sha nuna masa. Ga sunana na uku, da manyan haruffa, don haka nake rubutu saboda idona.

Aka miƙo mini finjali, na karɓa. Isiyaka ya kurɓi nasa a hankali, sannan ya ce, "Ya Haj, na'urar nan taka akwai tausayi. Har ta san albasarka na jin ƙishi."

Na buɗe baki in ɗora wa kwamfuta laifi, na ga shekaruna sun wuce haka. Na ce ni ne, na gyara a gabansu.

A hanyar gida ya ce mini, "Da ka tambaye ni, ai da na ba ka rabin ranata." Kuma ya ba ni. Ban taɓa shayar da gona kaina a sunkuye ba sai ranar.

Yanzu ina danna maɓallan Amna kafin in kashe gilashin, ko alwala zan je. Amma kafin in kulle nakan karanta abin da ke kai sau ɗaya, da idon Isiyaka.