Motar Kawu a Magudanar Ruwa

Da Kawu ya sayo ƙaramar mota mai ƙofa a baya, ni ya miƙa wa makulli, don ni kaɗai ne a gidan nake karanta labaran motoci. Ya ce in gwada ta duk tsawon hutu kafin ta ɗauki iyalinsa. Na riƙi aikin da gaske. Na bi da ita ramukan hanyar Wurno, na loda mata albasa daga Tursa, na saurari injinta kamar likita.

Ƙarƙashinta kaɗai ban gani ba. A gonakin rani na Goronyo na hango wata siririyar magudanar ruwa a bushe, na ce ga ramin bakanike. Na ɗora tayoyi gefe da gefe, na kwanta a ciki.

Wani dattijo mai ban-ruwa ya leƙo. "Ɗana, mi kaka yi nan? Yau za a sako ruwan dam."

"Baba, yanzu zan gama," na ce, ina duba salansa.

Ban gama ba. Ruwan ya shigo mini ta wuyan riga. Kafin in rarrafo waje, gefen ya zabtare, motar ta zauna cikin laka har ƙofa. Shanun huɗa ne suka jawo ta.

Kawu ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "To malam, ta iya iyo?"

Har yau in na ratsa Goronyo, sai wani ya ɗaga murya: "Injiniya, mu sako ruwa, ko kana ƙasa?"