Haukan da Na Yi a Shingen Bombouaka

Ba zan taɓa mantawa ba da bangon littafin nan da ya tsayar da ni cak a tashar Sokodé: budurwa da jan mayafi, hawaye guda ya maƙale mata a kunci. Yana ajiye a gaban motar Tanko, wani direba ɗan Nijar da kan kawo mana littattafan soyayya daga Kano. Na ara, na shanye shi tas, sai na tarar shafukan ƙarshe babu. Da na tambaya, Tanko ya ce goro ya ƙunshe da su.

Lokacin ana tsakiyar rigimar dimokuraɗiyya, yajin aiki ko'ina, lekwal, wato makaranta, a rufe, ni kuma zuciyata a buɗe. Sai na yanke shawarar mayar da littafin teyatur, wato wasan kwaikwayo. Ƙarshen da ya ɓace kuwa na rubuta abina: Kabiru, jarumin, zai durƙusa ya nemi auren jarumar, ta amince. Na ba kaina Kabiru (wa kuma zan ba?), na ba Rakiya, 'yar maƙwabtanmu a unguwar Didaouré, jarumar. Shekara da shekaru ina son yarinyar nan, amma ban taɓa ce mata komai ba sai "ina kwana". Dabarata ita ce in na durƙusa a fitowar ƙarshe, in kira sunanta na gaskiya, kowa ya shaida.

Wani ɗan kasuwa ya gayyace mu mu yi wasan a bikin ɗansa a Dapaong. Tanko ya ce zai kai mu kyauta in an sa shi a ciki. Na ba shi direban Kabiru, wanda duk maganarsa a littafin ba ta wuce "To, ranka ya daɗe" ba.

A Bombouaka muka ci karo da shingen sojoji, motoci sun yi layi. Wani saja mai ƙaton gashin baki ya zaro takardun wasan daga jakata.

"Takardun siyasa ne wannan?"

"Teyatur ne, shef," na ce.

Ya zauna a benci ya hau karatu. (Daga baya na ji cewa duk direban Kano da ya biyo ta nan, littafi yake karɓa a hannunsa.) Yana ta gyaɗa kai, har na fara jin kaina. Da ya kai ƙarshe sai ya miƙe zumbur.

"Kai! Wa ya ce maka Kabiru ya aure shi?" Hausarsa ba ta raba mace da namiji, amma fushinsa a fili yake. "Yarinya direba ya aura! Kabiru haukacewa ya yi, yana yawo a kasuwa yana hira da tsuntsu. A nan wurin na karanta, na yi kuka da bindiga a hannu. Kai kuma ka zo ka ɓata littafin mutane?"

"Shef, nawa ba shi da ƙarshe."

"To yau za ka ga ƙarshe. Ku yi mini na gaskiya, ko motar nan ta kwana nan."

Aka zaunar da Rakiya da Tanko a bencin soja, amarya da ango. Aka sa ni cire riga (rigar da na kai wa mai guga musamman), aka shafa mini toka. Wata tsohuwa daga motar baya ta ba da aron zabuwarta. Fasinjoji suka sauko suka yi da'ira.

Jama'a, duk kalaman da na yi watanni ina sassaƙa wa Rakiya, zabuwa na faɗa wa. Na rungume ta ina cewa, "Ke ce farin watan zuciyata, in babu ke numfashina aro ne." Ta sare ni a hanci.

"Babu zuciya a ciki!" in ji saja. "Sake!"

Na sake. Ina cikin birgima na saci kallon benci, ko zan ga tausayi a idon Rakiya. Sai na ji Tanko, mutumin "To, ranka ya daɗe", ya sami baki.

"Amarya, ni dai ban iya zancen wata da taurari ba. Amma tayoyina sababbi ne, kuma ban taɓa barin fasinja a hanya ba."

"Yaya Tanko, ka bari mana, ana kallonmu," in ji ta, ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya. Irin dariyar da na yi ta jira ta yi mini.

Saja ya share ido da hularsa, ya ɗaga mana shinge da hannunsa. Kafin mu isa Dapaong labari ya riga mu. Da na fito a gidan biki zan durƙusa, sai mata suka hau ihu: "Ba mu so! Mahaukacin zabuwa muke so!" Har an tanadi zabuwar.

Yanzu 'yata kan zauna da waya tana kallon finafinan intanet da ake ɗaukowa daga littattafai. Duk sanda ta yi tsaki ta ce, "Baba, wallahi ba haka yake a littafin ba," sai in ji hancina ya yi zafi. Nakan ce mata ta yi wa masu fim ɗin uzuri, ƙila nasu ma wani ya ƙunshe goro da shi. Ni dai na koyi darasi: kafin ka ba kanka jarumi, duba shafin ƙarshe ka ga wa ya tafi da amarya.

Rakiya tana Dapaong, jikokinta sun cika gida, mijinta Alhaji Tanko ya daina tuƙi. Duk Babbar Sallah sai ta aiko mini da zabuwa mai rai, ta ce a gaya mini amaryata tana gaisuwa.